Filin da Ba a Shuka Ba

Ranar da anka kai Baba makwancinsa, ina zaune ƙofar ɗakin Inna, uwar maigidana, ina tsintar shinkafa, sai na jiyo dariya daga zaure. Dariya a gidan mutuwa, ko sadakar uku ba a yi ba. Gabana ya faɗi, don ni abu kaɗan ke faɗar mani da gaba. Da maigidana ya shigo ɗaukar buta, Inna ta tambaye shi mi ya faru. Ya ce wani dattijo ne daga Rabah ya yi gaisuwa, anka shafa fatiha, sannan ya dubi jama'a ya ce, "To, yau dai mun zaka gidan ga mun tashi lahiya, ba wanda yat tambaye mu lahiyar kwalbatinmu."

Inna ta yi dariya har ta kama bango, daga nan dariyar ta koma kuka.

Duk wanda ya san Baba ya san wannan halin nashi. In ya je ta'aziyya, ko suna, ko ɗaurin aure, da an gama gaisuwa zai muskuta ya ce, "Ƙaƙa gadar nan taku ta bakin kasuwa? Ruhin makaranta hwa, iska ya bar shi?" Akwai masu jin haushi. Na taɓa jin wata ta ce ko gawa na kwance shi siminti ke ranshi. Amma ranar nan matan da sunka cika tsakar gida wata magana suke. Wata daga Goronyo ta ce rumfar da take sai da albasa shi ya gina ta, shekara nawa ko tsaga babu. Wata ta ce ajin da ɗiyanta ke karatu aikinshi ne. Wata kuma ta rage murya ta ce, "Ni abin da ka ba ni mamaki, mutum ko mota bai da, amma kullum shi ka rigan masu mota jin labarin aiki. Ko asiri gare shi, ko shina da mutum cikin sakatariya."

Ba shi da ko ɗaya. Ni na sani, shi ya sa na zauna rubuta wannan, duk da karatuna aji huɗu ya tsaya. Ina son ɗiyata in ta girma ta san kakanta. Kuma akwai abin da ke cikin raina a kwanakin nan wanda ban gaya wa kowa ba. Washegarin jana'iza maigidana ya ce mani da an yi sadakar bakwai zai bi ɗan kawunshi kudu neman aikin lebura, don a ganinshi kwangila fuskar Baba take bi, kuma an rufe fuskar da ƙasa. Ina da yarinya 'yar shekara uku, ga cikin wata biyar. Masu zuwa kudun nan na san su, wani shekara biyu sai dai murya a waya.

Baba surukina ne, mahaifin maigidana. Da magini ne, daga baya ya zama ɗan kwangila, irin ƙananan nan: aji biyu, kwalbati, katangar asibiti, rumfunan kasuwa, tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo. Babur ɗaya gare shi, tsoho, wanda anka ɗaure mazauninshi da roba. Sunaye uku ne ba na faɗi a gidan nan: nashi, da na maigidana, da na yarinyar, don ita ce ta fari. Shekarata ta farko a gidan, tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, ina durƙushe, kaina ƙasa. Ko tari ba na yi in shina tsakar gida.

Sai anka haifi yarinyar. Shi ya raɗa mata Amarya, irin wasan kaka da jika. Da safe in ya shimfiɗa tabarma gindin darbejiya shina shan kunu, sai ya aza ta bisa cinya ya yi ta yi mata magana, ita ko haƙori babu. Da farko na ɗauka wasa ne. Daga baya na lura in ina wanke-wanke kusa, muryarshi tana ƙaruwa.

"Amarya," in ji shi, "kin san, ban da 'yan ohis, wa ka fara sanin za a yi gini? Manomi na. Wanda mai gari yak kira yac ce mai, bana kak ka shuka wurin ga. Kahin a manna takardar aikin bisa allon sakatariya, shi ya yi wata uku da sani, shina ta gunaguni, ba mai saurare nai."

Wannan ita ce hanyarshi. In ruwan shuka ya sauka, gero ya fara tsiro, sai ya hau babur ya fita zagaye. Sisawa, Gandi, Giyawa, har ƙauyukan da babur ke shiga da ƙyar. Ba mutane yake fara dubawa ba, ƙasa yake duba. A nan wurinmu ba mai barin ko taku ɗaya na ƙasa banza da damina, har bayan katangar makaranta sai ka ga wake ko kuɓewa. To in ya ga ko'ina ya yi kore, amma ga wani fili jikin makaranta ko asibiti ko kasuwa an bar shi fayau, sai ya kashe babur. Ya gai da mai gari. Ya gai da shugaban makaranta. Ya nemi manomin da anka hana shuka ya zauna ya sha gunaguninshi har ƙarshe. Sai ya tabbatar sannan zai je sakatariya, sashen ayyuka, ya yi sallama ya tambaya a fili ko aikin na cikin kasafin bana. Ranar da ake karanta kasafi a rediyo kuwa, ko kaza ba ta isa ta yi kuka a gidan nan ba.

Takardunshi tun da rani yake sabunta su, rajista da shaidar haraji, ya sa su cikin wani gwangwanin alewa ƙarƙashin gado. Abin da ya fi damunshi shi ne yashi. Yashin gini daga gulbin Rima ake ɗebo shi, kuma in ruwa ya cika, ya rufe yashin, sai kaka. Wanda ya ji labarin aiki a makare zai tarar gulbi ya kawo, sai ya sayo daga nesa da tsada. Shi kuwa tun gulbi na kwance ya yi magana da masu jakuna, sun tara mashi. Shi ya sa in an tallata aiki, abin da zai rubuta a takardarshi ya fi na kowa sauƙi, kuma ya gama a kan kari. Duk asirin ke nan.

Ranar da na fara kai mashi labari ba zan manta ba. Na kai yarinyar rigakafi asibitin unguwarmu, muna zaune a layi sai na ga mutum biyu suna jan awo jikin katangar da ta zube. Duk hanya ina ta saƙawa, yaya zan yi in gaya mashi? Da na shigo shina kan tabarma. Na sauke ta gefenshi, na yi kamar ina gyara mata hula, na ce, "Ke, hwaɗa ma mijinki yau mun ga mutum biyu suna awon katangar asibiti."

Ya ajiye ludayi.

"Amarya, tambayi uwakki, takalmi mi sunka sa? Ƙahwa-ciki ko silihwa?"

"Ƙahwa-ciki," na ce wa hular.

"Sun rubuta, ko kallo ɗai sunka yi?"

"Guda na riƙe da littahi."

"Amarya, ashe gidan ga akwai mai ido."

Shi ya gina katangar. Tun daga ranar na zama idonshi inda maza ba su shiga. Gidan suna, gidan biki, layin awon ciki, bakin famfo. Mata na faɗin abubuwa ba su san nauyinsu ba. Malamar asibiti ta ce an ce su kwashe kayan ɗakin baya. Matar mai gadin makaranta ta ce an zo an ƙirga yara aji-aji. Mai tuyar ƙosai ta ce an ce ta matsa da kaskonta daga inda ta shekara goma. In na dawo sai in gaya wa yarinyar, shi kuma ya amsa mata. Shekara uku muna haka. Ban taɓa duban idonshi ba, amma ban da mahaifiyata ba wanda na yi hira da shi kamar shi.

Na taɓa jawo mashi abin kunya. Mun je suna Gandi, a hanya na ga fili kusa da asibiti an kafa turaku huɗu-huɗu, ba shuka. Na dawo da ɗoki na gaya wa yarinyar. Shi da kullum yake cewa alama ɗaya ba ta isa a tashi jaki ba, sai an ga ta biyu an je an tambaya, ranar nan bai je ba. Gulbi na gab da kawowa, ya yi sauri ya sa masu jakuna sunka yi kwana huɗu suna jibge yashi ƙofar gidanmu. Ashe gado anka raba tsakanin 'yan'uwa, sunka yi rigima, alƙali ya ce kowa ya dakata da shuka. Yashin nan ya shekara ƙofar gida. Unguwa ta sa mashi suna dutsen Amarya. Abokanshi in sun zo wucewa sai su ce, "Alhaji, yaushe za a buɗe asibitin?"

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. A rana ta uku ya ɗauki yarinyar ya tsaya daidai tagar ɗakina.

"Hwaɗa ma uwakki ta ci tuwo. Ita turaku tag gani, turaku tac ce. Ni na aza musu gini bisa kai."

Da rani ya yi, da yashin nan ya gina mani madafa, da 'yar taga ta fitar hayaƙi, don ya lura ina tari in ina girki a rumfar kara. Ba wanda ya gaya mashi.

Amma ba zan rubuta alherinshi in ɓoye sauran ba, don shi ma ba ya son a shafe tsaga da fenti. Haƙurin da yake da shi ga jaririya ba shi da rabinshi ga ɗan cikinshi. Maigidana magini ne mai hannu, in ya ja layin bulo kamar da zare anka haife shi. Sai dai Baba bai taɓa zaunar da shi ya koya mashi neman aiki ba. Abin da yake ce mashi kawai, "Buɗe idonka." Maigidana ya taɓa cewa zamani ya canza, yanzu a waya ake ganin sanarwa, a je a zauna ƙofar manya a yi gaisuwa. Baba ya ce ya duba wayar, ba laifi, amma abin da ya kai waya ya kai ga mutum dubu. Zaman ƙofar manya kuwa, ya ce shi gwiwarshi ba ta lanƙwasa sai a masallaci.

Sau ɗaya ya goya shi zagaye. Sun kai wajen Giyawa, ya tsai da babur ya ce, "Mi kag gani?"

Maigidana ya duba gabas ya duba yamma ya ce, "Gero."

Baba ya ce ya sauka. Ya sauka. Baba ya ja babur ya dawo gida shi kaɗai. Sai bayan la'asar maigidana ya iso a bayan amalanken shanu, ƙafafunshi duk laka. Inna ta yi wa Baba faɗan da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce, "Kai wa yak koya maka da wulaƙanci?" Sati biyu uba da ɗa sai gaisuwa. Daga nan maigidana bai sake tambayar komi ba. In an samu aiki ya ɗauki cebur da magwajinshi ya tafi, ya gina, ya dawo.

Ciwon Baba bai daɗe ba. Ruwan shuka na bana shina kwance ya sauka. Da safe ya ji ƙamshin ƙasa, ya ce a kawo mashi Amarya. Ta hau gefen gadon tana wasa da carbinshi, ni ina bakin ƙofa da kwanon kunu.

"An yi shuka?" ya tambaye ta.

"An yi," na ce.

"Bana ba ni zagaye, Amarya. Hwaɗa ma uwakki kat ta ruhe ido."

Kwana tara bayan nan ya cika.

Ranar sadakar uku gwaggon maigidana ta zo daga Sisawa. Tsohuwa ce mai yawan ƙorafi, in ta fara kowa sai ya nemi abin yi. Ta yi kukanta ta share, anka kawo mata fura, sai ta shiga ba Inna labarin baƙin cikin da ya same ta bana. Wai ɗan filin da take shuka wake bayan makarantar firamare, shekara da shekaru, mai gari ya aiko an ce ta bar shi. "Ga iri na jiƙa, ga ruwa ya zauna, wai in bar shi. Ko'ina ya yi kore, nawa ɗai ad da sanƙo."

Ina zuba ruwa a randa, hannuna ya tsaya. Na san ba daidai ba ne. Gawar mutum kwana uku a ƙasa, ni suruka, ga ɗaki cike da manya. Na ce wa kaina in yi shiru. Sai na tuna jakar maigidana da na gani ya sauko da ita daga saman kwaba ya kaɗe.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, an zaka an yi awo?"

Mata duk sunka juyo sunka dube ni.

"An zaka," in ji ta, tana dubana sama da ƙasa. "Mutum ukku. Har sunka shahwa jan fenti ga darbejiya biyu."

"Takalmi mi sunka sa?"

Wata ƙanwar Inna ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah. Mu muna nan muna kukan ya tahi, ashe ɗaurin ɗankwali yay yi yad dawo."

Mata sunka kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ku bar ta. Amsa mata, Yaya."

Ƙafa-ciki sunka sa. Ɗaya na rubutu. Kuma jikan gwaggo ya ce an ƙirga su a aji, an ce 'yan aji uku da ke zama gindin itace sun kusa hutawa.

Kwana uku ina riƙe da maganar, na rasa ta inda zan fara. Maigidana ba mai faɗa ba ne, amma tun rasuwar in an ambaci kwangila sai ya tashi. A rana ta shida da hantsi na same shi a ɗaki shina ninke riguna cikin jaka, yarinyar na zaune bisa katifa tana cin gyaɗa. Na buɗe baki in yi mashi magana kai tsaye, maganar ta ƙi fita. Sai na tsinci kaina ina gyara mata ɗankunne.

"Ke, hwaɗa ma babanki an hana gwaggo shuka bayan makarantar Sisawa."

Bai juyo ba. "Baba ya tahi da abinai," in ji shi. "Ni gini na iya."

"Hwaɗa mai an yi awo. An shahwa jan fenti. An ƙilga yara."

Yarinyar ta dube ni ta dube shi, ta ce, "Baba, an shahwa fenti."

Ya tsaya da riga a hannu. Sannan ya zauna bakin gado, ya jawo ta jikinshi, ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Tambayi uwakki, takalmi mi sunka sa?"

Ashe duk shekarun nan shina ji. Tagar ɗakinmu ita ma darbejiyar take kallo. Duk abin da Baba ya ƙi gaya mashi a fuska, ya ji shi ta bakin tabarma, yadda na ji. Har yau ina tambayar kaina ko don ni kaɗai muryar Baba ke ƙaruwa.

Bayan sadakar bakwai ya fito da babur ɗin, ya buga har sau tara kafin ya tashi. Hanyoyinmu yanzu ba kullum suke lafiya ba, na yini kunnena na ƙofar gida. Ya dawo kafin la'asar ya ce ya gani da idonshi, kore ko'ina, fili ɗaya fayau. Ya gai da mai gari, ya zauna ya sha ƙorafin gwaggo tun daga farko. Washegari ya je sashen ayyuka ya tambaya, anka ce aji biyu ne, suna cikin kasafi, ya riƙa duba allo. Da ya dawo Inna ta miƙo mashi gwangwanin alewa. Takardun duk an sabunta su tun da rani. A ta rajistar, ƙarƙashin sunan Baba, akwai suna na biyu. Karatuna bai da yawa, amma wannan sunan na iya karanta shi, ko da ba na faɗinshi. Maigidana ya ɗauki takardar ya shiga madafar da Baba ya gina mani, ya ja ƙofa. Mun bar shi.

Yau kwana arba'in. Har yanzu ba a manna takarda ba, kuma in an manna ba mu kaɗai za mu nema ba. Ina farkawa da tunanin ko a ba wani, ko a ɗaga sai baɗi. Amma jakar ta koma saman kwaba, kuma tun kafin gulbi ya kawo masu jakuna sun yi kwana huɗu suna sauke yashi ƙofar gida. Jiya wani abokin Baba ya zo wucewa, ya tsaya ya dubi tulin ya ce, "Dutsen Amarya ya dawo?" Maigidana ya ce, "Ya dawo, Baba. Wanga karon mun je mun tambaya."

Yarinyar can take wuni bisa yashin. In ta gaji ta zo gindin darbejiya ta tsaya inda tabarma take, ta ce mani ina mijinta. Nakan ce ya tafi zagaye.

Allah ka jiƙan bawanka da ya gina wa 'ya'yan mutane inuwa, ka yafe mashi zafin zuciyarshi, ka yalwata mashi kabarinshi, ka sa ƙasa ta yi mashi sauƙi yadda ya girmama ta. Mu da ya bari, ka bar mana idonmu a buɗe. Amin.